Ɗan Canjin Harran da Lambar 9,363,584

Idan aka rubuta wa mutum 9,363,584 a takarda aka ce ya faɗi abin da ya gani, iyakarsa ya ce miliyan tara ce da ɗoriya, alƙalumanta bakwai, kuma tun da da huɗu ta ƙare, shafa'i ce, tana rabuwa biyu babu saura. Daga nan ido ya gama aikinsa. Masu hisabi na da kuwa ba fuskar lamba suke kallo ba, cikinta suke buɗewa. Sukan nemo duk ƙananan lambobin da ke raba ta daidai, su kira su sassanta, sannan su tara su su ga abin da zai fito. Wannan lamba sassanta talatin da ɗaya ne, tun daga 1 har zuwa rabinta, wato 4,681,792, kuma jimillarsu 9,437,056. Idan aka juya kan wannan jimilla ita ma aka tara nata sassan, waɗanda goma sha biyar ne, sai a komo kan 9,363,584 cif, ba ragi ba ƙari. Kowacce tana ɗauke da 'yar'uwarta a ciki. Irin waɗannan biyu su ake kira aminan lambobi, kuma farautarsu al'ada ce da masu lissafi suka yi ta gada hannu da hannu kusan shekara dubu biyu.

Mutum biyu ake jingina wa waɗannan aminai. Ɗaya Muhammad Baƙir Yazdi ne, malamin hisabi a Iran zamanin daular Safawiyya, wanda ya kawo su a littafinsa Uyunul Hisab a farkon ƙarni na 17. Ɗayan René Descartes ne, Bafaranshe mazaunin Holan, wanda ya aika su cikin wasiƙa zuwa ga Marin Mersenne a Faris a 1638. An sha jayayya a kan wa ya riga wani, kuma akwai abin faɗa a nan, amma a ganina ita ce ƙaramar tambaya. Ba wanda zai zauna da alƙalami da tawada ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya har miliyan tara yana tara sassansu, ko da an ba shi shekarun Annabi Nuhu. Dukansu biyun ƙa'ida ce ta kai su, kuma ƙa'idar an rubuta ta tare da hujjarta a Bagadaza fiye da shekara ɗari bakwai kafin wasiƙar Descartes. Abin da nake son kafawa shi ne, a duk tsawon tarihin wannan al'ada ta rarraba lambobi, hujja ce kaɗai ta taɓa ciyar da ita gaba. Inda aka dogara da abin da ido ya saba gani an ɓata, inda aka dogara da sirri an tsaya cik, kuma ko na'urar zamani da ta zo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, a kan hujjar take tafiya.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin gado ya san tushen maganar, ko da bai taɓa jin sunan Bagirke ko ɗaya ba. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da tumunin takaba, ai su ne sassan lamba. Ɗauki 6: rabinta 3, sulusinta 2, sudusinta 1, a tara su a sami 6. Shi ya sa idan mace ta rasu ta bar miji da uwa da ɗan'uwa ɗaya wanda suka haɗa uwa kawai, miji ya ɗauki rabi, uwa sulusi, ɗan'uwan sudusi, dukiya ta ƙare daidai ba saura. Lambar da sassanta suka yi daidai da ita, ita ce cikakkiya. Ɗauki 8 kuma: 4 da 2 da 1 bakwai ne, sun kasa, wannan tauyayya ce. Ita kuwa 12 sassanta 6 da 4 da 3 da 2 da 1 sun kai sha shida, sun zarce ta, wannan mai rara ce. Asalan mas'alolin gado bakwai ne, 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24, kuma auli ba ya shiga sai uku daga ciki: 6 ta kan hau zuwa 7, 8, 9 ko 10, 12 zuwa 13, 15 ko 17, 24 kuma zuwa 27. Duba da kyau, ukun nan su ne cikakkiya ɗaya da masu rara biyu, huɗun da ba sa auli kuwa duk tauyayyu ne. Haka nan tamasuli da tadahuli da tawafuƙi da tabayuni da mai rabon gado ke auna lambobi biyu da su, duk tambaya ce a kan wace lamba ke raba wace. Saboda haka wannan ilimi ba baƙo ba ne a zaurukanmu, sai dai mun tsaya da shi inda bukatar rabo ta tsaya, wasu kuwa suka bi shi har cikin miliyoyi.

Girkawa ne suka fara rubuta shi, kuma tun a wurinsu hanya ta rabu biyu. Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rufe kashi na tara na littafinsa na Usul da mas'ala ta 36. Abin da ta ƙunsa shi ne a fara daga 1 ana ninkawa biyu, ana tarawa. Duk inda jimillar ta zama lambar da ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta, wadda zan riƙa kira gagara-rabo, to a buga ta da lambar ƙarshe, abin da ya fito cikakkiya ce. 1 da 2 da 4 bakwai ne, bakwai sau huɗu 28. A ci gaba zuwa 16 jimilla 31, sau sha shida 496. A kai 64 jimilla 127, a sami 8,128. Uƙlidis bai jera misalai ya ce a yarda ba, dalili ya kawo wanda ya rufe kowace kafa. Bayansa da shekara kusan ɗari huɗu sai ga Nikomakus, mutumin Jarash da ke Jodan ta yau, da littafinsa na gabatar da ilimin adadi. Shi ne ya yaɗa rabon nan na uku, har ya ba lambobi hali irin na halittu: mai rara ya kamanta ta da dabbar da gaɓoɓinta suka yi yawa, tauyayya da wadda aka haifa da naƙasa. Ya san cikakku huɗu, 6, 28, 496 da 8,128, ya ga ɗaya a cikin ɗaiɗaiku, ɗaya a gomomi, ɗaya a ɗaruruwa, ɗaya a dubbai, ya kuma ga ƙarshensu yana karɓa-karɓa tsakanin shida da takwas. Shi da waɗanda suka bi sawunsa suka ɗauki wannan tamkar doka, aka yi ta kwafa ɗaruruwan shekaru. Cikakkiya ta biyar kuwa 33,550,336 ce, alƙalumanta takwas ba biyar ba, ta shida kuma 8,589,869,056, ita ma da shida ta ƙare. Misali huɗu a jere sun gaskata Nikomakus, na biyar da na shida suka rushe shi, alhali mas'alar Uƙlidis har gobe ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba.

Aminan lambobi kuwa Girkawa biyu kawai suka sani, 220 da 284, waɗanda Iyambilikus ya danganta wa Fisagoras. Sassan 220 su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, jimilla 284. Na 284 kuma 1, 2, 4, 71 da 142, jimilla 220. A haka abin ya zauna, abin al'ajabi guda ɗaya tilo, har Sabitu ɗan Ƙurra ya zo. Mutumin Harran ne, a kudancin Turkiyya ta yau, daga al'ummar Sabi'awa, harshensa na gida Siriyananci, ga Girkanci da Larabci a bakinsa. Masu tarihin malamai sun ce canjin kuɗi yake yi a kasuwar garinsu lokacin da Muhammad ɗan Musa ɗan Shakir ya gamu da shi, ya ga kaifinsa, ya tafi da shi Bagadaza. A can ya fassara littafin Nikomakus zuwa Larabci, ya gyara fassarar Uƙlidis, ya samu kusanci da Halifa Mu'utadid, ya rasu a 901. Wato littattafan nan biyu duk sun bi ta hannunsa jimla bayan jimla, kuma ya ga bambancinsu. Da ya zo rubuta maƙalarsa a kan fitar da aminan lambobi, sai ya ɗauki tambayar daga ɓangaren Nikomakus da mutanensa, ya amsa ta da salon Uƙlidis: ya shimfiɗa matakai tara, kowanne da dalilinsa, sannan ya ɗora ƙa'idar a kansu a mataki na goma.

Ƙa'idar ba ta da wuyar faɗa. A fara daga 6 ana ninkawa biyu: 6, 12, 24, 48, 96, 192, 384. A ɗauki maƙwabta biyu, a ɗebe wa kowacce ɗaya, sannan a buga maƙwabtan da juna a ɗebe ɗaya daga sakamakon. Idan lambobi ukun da suka fito duk gagara-rabo ne, an samu aminai. Daga 6 da 12 ana samun 5 da 11, shida sau sha biyu kuma 72, a ɗebe ɗaya saura 71. Ukun duk gagara-rabo ne. Sai a ɗauki sulusin babbar maƙwabciyar, wato 4: huɗu sau biyar sau sha ɗaya 220, huɗu sau saba'in da ɗaya 284. Nan take abin da aka ɗauka kyauta ce daga gaibi ya zama matakin farko na tsani. Mataki na gaba, 12 da 24, yana ba da 11 da 23, amma ta ukun 287 ce, wadda bakwai ke rabawa, sai ya faɗi. Na gaba da shi, 24 da 48, yana ba da 23, 47 da 1,151, duk lafiyayyu, a buga da 16 a sami 17,296 da 18,416. Daga nan 96 ta haifi 95, wadda biyar ke rabawa, ta ɓata matakai biyu a jere. Sai 192 da 384: 191, 383 da 73,727. A buga da 128, ga 9,363,584 da 9,437,056 sun fito.

A takarda layi uku ne, amma a hannun mai alƙalami aiki ne ja, kuma wahalar duk tana wuri ɗaya: tabbatar da cewa lamba gagara-rabo ce. Kafin mutum ya amince da 1,151 sai ya gwada raba ta da gagara-rabo goma sha ɗaya, daga 2 zuwa 31. Kafin ya amince da 73,727 sai ya yi doguwar rabawa hamsin da takwas, har zuwa 271, kuma kuskure ɗaya ya isa ya ɓata komai. Ga tarkuna a hanya: 2,047 tana kama da gagara-rabo, alhali 23 sau 89 ce, kuma irin wannan tarkon ya sa Ibn Fallus a ƙarni na 13 ya jera cikakkun lambobi har da ta biyar da ta shida da ta bakwai daidai, amma ya cuɗa su da waɗansu da ba cikakku ba. Shi ya sa tsanin Sabitu ya ɗauki ƙarnuka ana hawa. Aminai na 17,296 da 18,416 sun bayyana a rubutun Kamaluddin al-Farisi na Tabriz, wanda ya rasu wajen 1319, kuma ana jingina su ga Ibn al-Banna na Marakish, wanda ya rasu a 1321. Al-Farisi shi ne wanda ya yi bayanin yadda bakan gizo ke samuwa, kuma aikinsa a kan aminai ya fi ƙarfin samo lambobi biyu. Don ya sake kafa hujjar Sabitu ta wata hanya, sai da ya fara tabbatar da cewa kowace lamba ana iya warware ta zuwa gagara-rabo, ya kuma nuna yadda ake fitar da dukan sassanta daga waɗannan. A wannan fage ma Abdul Ƙahir al-Bagadadi, wanda ya rasu a 1037, ya nuna cewa ba shafa'i kaɗai ke da rara ba: 945 wutiri ce, sassanta sun kai 975, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a irinta. Wanda ya tsaya a kan lambobi ɗari tara na farko zai rantse babu irin wannan.

Mai ƙorafi na farko zai ce, to ai ga shi kai da bakinka ka nuna malaman duniyar Musulmi sun riga Turawa, me ya sa kake rage darajar maganar? Ba na rage ta. Pierre de Fermat na Tulus ya sanar da 17,296 da 18,416 a 1636 a matsayin sabon abu, an daɗe littattafan Turai suna kiran waɗannan da sunansa, na 9,363,584 kuma da sunan Descartes, kuma sai a 1852 Franz Woepcke ya gabatar wa masu karatu a Turai da maƙalar Sabitu. Share sunan mai aiki zalunci ne, gyara shi wajibi ne. Sai dai babu wata shaida da ta nuna Fermat ko Descartes sun ga rubutun Larabcin, kuma a wurina wannan ya fi zargin sata ma'ana: mutane a Bagadaza da Tabriz da Tulus da Holan, ba addini ɗaya ba harshe ɗaya, suka bi dalili ya kai su kan lambobi iri ɗaya. Sannan wanda ya tsaya a kan “mu muka riga su” dole ya amsa abin da ya biyo baya. Leonhard Euler, yana Balin, ya fitar da aminai talatin a 1747, zuwa 1750 sun kusa sittin, bayan duniya ta shafe ƙarnuka ba ta wuce uku ba. Makaminsa shi ne sanin cewa jimillar sassan lamba ana gina ta daga gagara-rabon da ke cikinta, wato ƙofar da al-Farisi ya riga ya taɓa. Bambancin shi ne a Turai ta wancan lokaci sakamako na yawo cikin wasiƙu da ɗab'i, wani ya duba na wani ya ƙalubalance shi cikin 'yan watanni, aikin al-Farisi kuwa ya zauna a rubutun hannu. Hujjar da ba ta kai ga wanda zai ɗora a kanta ba, tana nan da gaskiyarta amma ba ta haihuwa.

Ƙorafi na biyu ya fi kusa da mu. Za a ce duk wannan ai tsibbu ne aka sa masa rigar ilimi. Akwai gaskiya a ciki. Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya ambaci 220 da 284 a babin sihiri da ɗalasimai, ya bayyana yadda ake amfani da su don haɗa soyayya tsakanin mutum biyu, ya kuma faɗi cewa shari'a ta hana wannan fanni. Ba na musun cewa neman mahabba da farin jini ya taimaka wajen sa masu kwafa su ci gaba da kwafar lambobin. Amma a tambaya, cikin duk shekarun da masu laya suka yi riƙe da 220 da 284, wace ta uku suka ƙara? Ba su da dalilin nema, biyun sun ishe su, kuma sana'ar da jarinta sirri ne ba ta son a baje dalili a fili kowa ya duba. Shi kansa Ibn Haldun da ya zo babin hisabi yabo ya yi, har ya ce wanda ya fara da shi tun yana yaro gaskiya kan zame masa ɗabi'a, don lissafi ba ya karɓar son rai. Mu ma muna da namu shaidar. Muhammad ɗan Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya tafi hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta Bahjatul Afaƙ a farkon shekarun 1730 a kan ilimin haruffa da hatimai, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin mai tarihin Masar. Littafin na cikin duniyar asirai, ba shakka. Amma abin da ya sa masu tarihin lissafi ke ambatonsa a yau shi ne hanyoyin da ya bayar na gina hatimi mai gidaje wutiri a kowane gefe, yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya: 15 a mai uku-uku, 65 a mai biyar-biyar, 175 a mai bakwai-bakwai. Wannan ɓangaren kowa na iya gwadawa, mai imani da hatimi da wanda bai yarda da shi ba, kuma shi ne ya rayu a wajen zauren masu sirri.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. Ƙa'idar Sabitu matalauciya ce. Bayan 384 sai 768, wadda ke haifar da 767, wato 13 sau 59. Ta gaba 1,535 biyar na raba ta, ta gaba 3,071 kuma 37 sau 83 ce. An bi tsanin da kwamfuta zuwa nesa ƙwarai, ba a sami mataki na huɗu ba. Shekara dubu da ɗari ɗaya, aminai uku. Abin da ya fi wannan, ƙa'idar ta kawar da idon manya daga abin da ke gabansu. Tsakanin 220 da 17,296 akwai aminai shida da ta tsallake, kafin 9,363,584 kuwa kusan ɗari. A 1866 wani yaro ɗan Italiya mai shekara sha shida, Nicolò Paganini, ya fito da 1,184 da 1,210, aminai na biyu mafi ƙanƙanta a duniya, waɗanda suka kuɓuce wa Sabitu da al-Farisi da Fermat da Descartes da Euler gaba ɗaya. Na 12,285 da 14,595, mafi ƙanƙanta a cikin wutiri, sai a 1939 aka gan su. Yau kwamfuta ta tara aminai sama da biliyan ɗaya. Ashe ke nan lalube ya fi ƙa'ida?

Na yarda ƙa'ida tana da makanta. Mai bin ta kamar maharbi ne da ya kama sawu guda, zai kai ga namansa ko da nisa, amma zai wuce zomo kwance a gefen hanya. Sai dai a lura da abu biyu. Na ɗaya, Sabitu bai taɓa cewa tsaninsa zai kawo dukan aminai ba. Abin da ya ce shi ne duk wanda ya kawo na gaskiya ne, kuma wannan alkawari bai taɓa saɓawa ba. A nan ya bambanta da Nikomakus, wanda ya faɗi abin da ya fi ƙarfin dalilinsa. Na biyu, aminai biliyan ɗin nan ba su amsa ko tambaya ɗaya daga cikin manyan ba. Shin aminai suna da iyaka ko ba su ƙarewa? Shin akwai waɗanda ɗaya shafa'i ce ɗaya wutiri? Shin akwai waɗanda ke tabayuni, ba lambar da ta haɗa su sai 1? Duk aminan da aka gani ko dai shafa'i biyu ne ko wutiri biyu, kuma duk suna da abin da ya haɗa su, amma ba masanin lissafin da zai ce haka abin yake har abada, domin darasin cikakkiya ta biyar da na 945 bai gushe ba. Kuma yawancin manyan aminan da na'ura ta samo, ba ta hanyar bin lambobi ɗaiɗai ta same su ba, ƙa'idoji ne irin na Sabitu da Euler aka faɗaɗa aka ɗora mata.

Saura mai cewa ina amfanin duk wannan, lambar da ba ta sayen hatsi ba ta raba gado? Su kansu aminan lambobi ban ga abin da suka gina ba, kuma ba zan ƙirƙira musu amfani ba. Abin da aka samu a hanyar nemansu shi ne riba. A 1640 Bernard Frénicle de Bessy ya ƙalubalanci Fermat ya kawo cikakkiyar lamba mai alƙaluma ashirin ko sama da haka kaɗan, abin da ya tilasta duba ko 137,438,953,471 gagara-rabo ce. In da gagara-rabo ce, tabbatar da haka da hannu ɗaya bayan ɗaya zai bukaci rabawa dubbai. Fermat ya gano dalilin da ya nuna cewa duk gagara-rabon da zai raba ta dole ya zama ninkin 74 da ƙarin ɗaya. Ya gwada 149 ba ta yi ba, ya gwada 223 ta raba ta daidai. Dalilin nan shi ne abin da ake kira ƙaramar ƙa'idar Fermat, wadda Euler ya faɗaɗa, kuma a kanta aka gina tsarin kulle saƙo na RSA a 1977, ɗaya daga cikin makullan da ke tsare bayanan banki da saƙonni a intanet. Tsaron wannan tsari ya dogara ne a kan wahalar da Ibn Fallus da Yazdi suka sha: buga gagara-rabo biyu da juna abu ne mai sauƙi, warware sakamakon a gano su kuwa, idan sun yi girma, ya gagari ko manyan na'urori.

A watan Oktoba na 2024 aka sanar da gagara-rabo mai alƙaluma 41,024,320, wadda ake samu idan aka buga 2 da kanta sau 136,279,841 aka ɗebe ɗaya. Ba a raba ta da komai don a tabbatar ba, ba zai yiwu ba. An bi gwajin da Édouard Lucas ya fara a 1876, Derrick Lehmer ya kammala a 1930, wanda shi ma hujja ce aka mayar da ita aikin na'ura. Da tabbatarta, mas'ala ta 36 ta Uƙlidis ta haifi cikakkiyar lamba ta hamsin da biyu da aka sani, mai alƙaluma sama da miliyan 82, kuma Euler ya riga ya tabbatar da abin da Ibn al-Haisam ya yi ƙoƙarin kafawa a baya, cewa duk cikakkiyar da ke shafa'i daga wannan ƙofa take fitowa. Cikakkiya wutiri kuwa an nuna cewa in ma akwai ta, alƙalumanta sun haura 1,500. Ba a same ta ba, ba a kuma kawo dalilin da ya kore ta ba, don haka a littattafan lissafi tana nan a jerin tambayoyin da ba a rufe ba.